Shekarar da Shanun Romed Suka Sauko Babu Fure

Akwai wani saurayi a nan birnin Innsbruck da ke tsakiyar duwatsu, sunansa Kassian. Duk baƙon da ya sauka a tashar jirgin ƙasa da jaka a baya, in ka leƙa wayarsa shafin Kassian na intanet za ka gani.

Shi ke gaya wa mutane ƙarfe nawa za su je gindin tsohon ginin da ake kira Rufin Zinare kafin wurin ya cika, da motar igiyar da za su hau zuwa saman dutse, da gidan abincin da ake soya dunƙulen cuku a tsoma shi a romo mai zafi ba tare da ha'inci ba. Ya iya aikinsa, wannan ba gardama. Matsalar kawai, ya san ya iya.

Babansa, tsoho Romed, makiyayi ne. Da zarar ƙanƙara ta narke yake kora shanun ƙauyensu zuwa makiyayar saman dutse, ya zauna can wata uku tare da babbar 'yarsa Burgi, suna tatsa suna yin cuku. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan hawa.

Ranar saukowa a watan Satumba ana ɗaura wa shanu kambin fure da 'yan madubai a ka, gari ya fito kallo. Amma da sharaɗi. Sai in yadda suka hau haka suka sauko, ba a rasa ko ɗaya ba, ba a kuma yi rasuwa a gidan ba. In an rasa, haka za su ratsa gari kansu babu komai, kowa ya gani ya gane.

Shekara biyu a jere Romed bai ɗaura fure ba. Bara waccan matarsa ta rasu. Bara tsawa ta kashe masa maraƙi. Bana kuma likita ya ce gwiwoyinsa sun gama aiki, wannan ne hawansa na ƙarshe. Abu ɗaya tsohon nan yake so a duniya: ya sauko da fure sau ɗaya, ya ajiye sanda.

Wata Lahadi Kassian ya hau gaishe su.

"Lale da sarkin baƙi!" in ji Burgi, tana juya tukunyar madara. "Da wannan farin takalmin ka zo unguwar kashin shanu?"

"Yaya, ke dai zuba min abinci. Ban da cukun nan naku mai warin safa, don Allah."

"Shi ya raine ka, mara kunya."

Yana ci yana nuna musu hoton da ya ɗauko a kan wani falalen dutse da ke saman makiyayar. Daga can ana ganin birnin gaba ɗaya, da kogin kwance a tsakiyarsa. Hanyar da kowa ya sani zagaye take, awa ɗaya da rabi. Amma in ka ratsa cikin shanun ka buɗe ƙyauren katako na sama, minti goma sha biyar ne. Bayan ƙyauren nan kuwa gangara ce mai santsi, ƙarshenta kwazazzabo.

"Wannan zan saka a shafina gobe," in ji shi. "Sirrin da ba wanda ya sani."

Romed ya ajiye cokali. "Kar ka nuna musu ƙyauren sama."

"Haba Baba. Masu bina fa likitoci ne da injiniyoyi, ba 'yan tasha ba."

"Injiniya ya san halin saniya?"

"Baba, duniya ta wuce nan. Za su zo su sayi cukunka ma, ka gode min."

Tsohon ya girgiza kai. "To tunda ka fi ni sani, rubuta musu da manyan haruffa su rufe shi in sun wuce."

Kassian ya yi dariya har yana ƙwarewa. "Wa ake koya wa rufe ƙyaure?"

To nan fa ya yi kuskure. Duk wanda ya tashi a dutsen nan hannunsa ne ke rufe ƙyaure da kansa, ko magana yake ko kuka yake. Kassian tun yana shekara huɗu yake yi. Bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai babban mutum mai digiri da sai an gaya masa ba. Ya rubuta takalmin da za a sa, da ruwan da za a riƙe, da lokacin da rana ta fi kyau a hoto. Maganar ƙyaure ko harafi ɗaya.

Bari in gajarta, don abin yana ba ni haushi. Rubutun ya yaɗu. Mutane suka riƙa zuwa ashirin-ashirin. Burgi ta koma hawa sau uku a rana tana rufe ƙyaure. Ta rataya allo, amma da yarensu ta rubuta, rabin baƙin ba sa iya karantawa. Ta kira shi a waya.

"Kasi, layi ɗaya nake roƙonka. Ƙara layi ɗaya."

"Zan ƙara, Yaya, yanzu ina tare da baƙi."

"Haka ka ce wancan makon."

"Ke kin cika mita. Wani abu ya faru ne?"

Bai ƙara ba. Abin da ya ƙara shi ne sanarwa: duk mai son ganin shanu da fure ya biyo shi ranar saukowa, ga kuma abincin rana a gidan babansa. Mutum talatin suka sa suna.

Saura kwana biyar a sauko, gajimare ya rufe dutsen tun safe, ko hannunka ba ka gani. Da ya yaye Romed ya ƙirga shanu, babu Nussi, jagabar garken, wadda aka yi wa kambi mafi girma. Ƙyauren sama a wangale.

A ƙasan kwazazzabon suka same ta, bayanta a karye, tana numfashi. Da gwiwoyin nan nasa tsohon ya gangara, ya zauna ya ɗora kanta a cinyarsa har likitan dabbobi ya iso ya ƙarasa ta don ta huta.

Da Burgi ta kira shi, abu na farko da Kassian ya yi shi ne buɗe rubutunsa. Ya karanta sau uku yana neman layin. Ya san babu, amma yana nema.

Washegari ya hau. Kambunan suna jere a kan tebur, guda goma sha huɗu, wata guda aka yi ana haɗa su. Babansa na zaune a bakin ƙofa. Ku ji fa abin da ya fito daga bakin yaron nan maimakon haƙuri.

"Baba… a ɗaura musu mana. Saniya ɗaya ce. Baƙin nan ba ƙirgawa za su yi ba, wa zai sani?"

Burgi ta miƙe. "Kasi, fita kafin in watsa maka madarar nan."

"Bar shi," in ji Romed. Ko ɗagowa bai yi ba. "Furen nan magana ce. Cewa ake yi: ga amanarku, na dawo da ita cif. So kake in tsaya a gaban mutanen da suka ba ni shanunsu shekara arba'in, in yi musu ƙarya a ranar ƙarshe, don baƙinka su sami hoto?"



Ranar saukowa ya tsaya a bakin titi da mutanensa talatin, kowa ya ɗaga waya. Garken wani ƙauye ya fara wucewa, fure ja da rawaya, ana tafi ana ihu. Sai ga na Romed. Kawunan shanu babu komai. Tsohon a gaba, yana jan ƙafa, ya ƙi a riƙe shi. Tsofaffin ƙauyen suka cire huluna don girmama shi, titin ya yi tsit in ban da ƙarar kofato.

Wata mata daga cikin baƙin ta taɓa Kassian. "Malam, waɗannan ne na baban naka? Ina furen da ka ce?"

Ya juya ya bi babansa da kallo.

Duk da haka an yi abincin rana, don Romed ya ce tunda an yi wa mutane alkawari da sunan gidansa sai sun ci. Shi da kansa ya riƙa bin tebur yana cewa a ƙara wa wannan romo, a ba wancan burodi. Kassian ya raɓe a ƙarshen benci yana jiran a zage shi. Wallahi da zagin ya fi masa sauƙi.

Tsohon ya iso kansa, ya dube shi kamar yadda ya dubi sauran, da fara'a ma.

"Burgi," ya ce, "wannan baƙon ma bai samu ba. Zuba masa."

Ya wuce na gaba.

Darasi: In wanda ya daɗe a wuri ya ce maka kar ka yi, tsaya ka ji, ko da kana ganin ka fi shi wayewa. Kuma abin da kake ganin kowa ya sani, faɗe shi, rubuta shi yau, don sakacinka wani ne zai ɗauki nauyinsa, kuma ba kowace rana ce ke dawowa a gyara ba. Ku tura wa duk wanda kuka san ana yi masa magana yana cewa "zan yi".