Tsatsa a Babur ɗin Mai Bishara

A wani ƙauye an yi wani manomi, sunansa Habila. Mahaifinsa tsohon mai bishara ne, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan wani jan babur, yana ratsa fadamu da duwatsu yana kai Maganar Allah inda mota ba ta zuwa. Da tsufa ya kama shi, idanunsa suka rufe, sai ya kira ɗansa ya damƙa masa makulli, ya ce, "Ga abokin tafiyata nan. Ban ce sai ka hau shi ba, amma ka riƙa tada shi. Kada ka bar mai ya ruɓe a cikinsa."

Habila ya ce, "To, Baba." Amma fa a baki kawai. Yana da nasa sabon mashin mai walƙiya, me zai yi da tsohon ƙarfe? Ya tura shi ɗakin buhuna da fetur ɗinsa a ciki, ya ja ƙofa. Kaji suka mai da shi wurin kwana, rufin ɗakin yana yoyo a kansa damina bayan damina. In tsohon ya tambaya, sai Habila ya ce, "Lafiyarsa lau, Baba. A gona nake tada shi, don kada ƙara ta dame ka." Ƙarya ga makaho, kuma uban da ya haife shi! Ko kunya bai ji ba.

Ana nan sai ciwo ya kwantar da tsohon. Wata safiya ya laluba ya kama hannun ɗansa, ya ce, "Habila, ƙarfina yana ƙarewa. Kawo babur ɗin nan ƙofar ɗakina ka tada shi, in ji muryarsa ko sau ɗaya kafin Ubangiji ya kira ni gida."

Habila ya nufi ɗakin buhuna. Ya jawo babur, ya karkaɗe kashin kaji, ya yi ta bugawa har gumi ya jiƙe masa riga. Ina! Ko tari bai yi ba. Sai ya tura shi ta bayan gida zuwa wurin Kefas bakanike, abokin wasansa tun suna yara.

Kefas ya kwance kafireta, wato ƙoƙon nan da mai ke haɗuwa da iska a cikinsa kafin ya shiga inji. Da ya buɗe ta sai wari ya buge shi. Tsohon fetur ya daskare kamar ƙaro, tsatsa fara da koriya ta cinye ko'ina. A tsakiya akwai ɗan sukurun tagulla mai huda kamar ta allura, ta nan mai yake bi. Hudar ta toshe, sukurun kuma ya manne da jikin kafiretar kamar tare aka zuba su.

Kefas ya ce, "Kai, Habila, ba ka kyauta wa tsohon nan ba. To saurara. Wannan ba aikin ƙarfi ba ne, jikinta laushi gare shi. Ka jiƙa ta a kananzir. Kowace safiya ka ɗan ƙwanƙwasa gefen sukurun da ƙotar katako, ka gwada a hankali. In ya ƙi, mai da ita ka ƙyale ta. An daina yin irin wannan, in ta fashe shi ke nan."

"Kwana nawa zai ɗauka?"

"Ni na sani? Kai ka san shekarun da ka bar ta."

Habila ya tafi da ita gida a gwangwani. Ya ƙwanƙwasa rana ta fari, ya ƙwanƙwasa ta biyu, sukuru ko gezau. Kullum ya shiga gaida tsohon, tambayar ɗaya ce, "Ina babur?" Shi kuma amsarsa ɗaya, "Gobe, Baba." Tsoro biyu suka haɗu masa: kada tsohon ya mutu bai ji abin da ya roƙa ba, kada kuma ya gane cewa shekara da shekaru ƙarya ake masa. In gaya muku gaskiya, na biyun ya fi cin ransa.

Rannan da rana tsaka, ya fito daga ɗakin tsohon ransa a ɓace, ya tsamo kafireta ya ce, "Ɗan ƙarfe kamar ƙwayar gyaɗa ne zai gagare ni? Ni da nake tumɓuke kututture a gona?" Ya kafa sukundireba ya murɗa da iyakar ƙarfinsa, kan sukurun ya guntule. Maimakon ya tsaya nan, sai zuciya ta ɗebe shi. Ya kawo filaya, ta zame. Ya kawo guduma. Bugu na uku ya ji ƙas! Kafireta ta dare biyu a hannunsa.

Ya kwashi gutsattsarin da gudu ya kai wa Kefas. Kefas ya juya su a tafin hannu. Can ya nuna masa inda ta fashe, ya ce, "Dubi zaren sukurun. Ka ga ya jiƙe har ya wuce rabi? Kananzir yana ta aikinsa a ciki, kai ne ba ka gani. Saura kaɗan ya saku."

Habila ya zaga kasuwannin kayan babur har birni, kowa ya gani sai ya girgiza kai. Da dabara ta ƙare masa, sai ya koma ga abin da ya saba. Ya ari tsohon mashin ɗin wani maƙwabci, ya kawo ƙofar ɗaki ya tada shi, ya ɗaga murya, "Baba, ka ji shi nan!"

Tsohon ya kasa kunne. Sai ya ce, "Kashe shi, Habila. Wannan ba nawa ba ne." Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Da ka ce mini ya lalace, ai da na haƙura." Ya juya fuskarsa bango.

Abin takaicin, tsohon bai mutu a makon nan ba. Ya ga ƙarshen damina, ya sha kunun sabuwar dawa. Lokacin ya isa a jiƙa kafireta goma su saku. Amma har aka kai shi kabari bai sake ambaton babur ba, bai kuma sake tambayar ɗansa komai ba.

'Yan'uwa, ma'anar misalin nan ita ce: babur ɗin shi ne mutanen da Ubangiji ya damƙa a hannunku, matarka, ɗanka, ƙanenka da kuka daina gaisawa. Ba mugunta ce ta toshe su ba, ajiyewa ce. Ka tura mutum gefe, ba hira, ba yabo, ba "yaya ka kwana", kana gaya wa Allah da ikilisiya cewa gidanka lafiya lau. Ran da abu ya ɓaci sai ka taso kana so zuciyar da ka bari ta yi tsatsa shekara da shekaru ta buɗe maka kafin la'asar. Ta ƙi, sai ka kawo tsawa. Ta ƙi, sai ka kawo dattawa. Wani ma ayar Littafi Mai Tsarki yake mayarwa guduma, yana bugun ɗansa da ita wai yana masa wa'azi.

Kananzir ɗin kuwa addu'a ce da haƙuri da gaskiya, da ƙaramin alheri na kowace safiya. Ruhu Mai Tsarki yana ratsa zuciya a ɓoye, a inda idonka ba ya kaiwa. Haka Ubangiji ya yi da mu duka, ya jira mu, bai fasa mu ba. Amma mu ba ma jira, don yawanci ba ceton mutumin ne ya dame mu ba, kunyarmu muke so mu rufe da wuri.

Allah yana gafartawa, wannan babu shakka. Amma kada wani ya ruɗe ku: akwai yaron da ya bar gida saura kaɗan ya ce, "Baba, yi haƙuri," aka yi masa bugu na uku. Ubansa yana zaune a majami'a har yau, yana ajiye masa wuri a benci, kuma yaron ba ya zuwa.