Tsohuwar da Hasmukh Ya Kashe wa Makirufo

Akwai wani mai harkar hannun jari a Mumbai, Hasmukh Zaveri. Sana'arsa ya sayi kaso a kamfanin da ya tsufa, ya hana shugabanninsa sakat har sai sun bi ra'ayinsa. Na san shi. Kansa na ja, amma akwai kunnen ƙashi.

Sai ya ƙyalla ido ya ga wata tsohuwar masaƙa a Ahmedabad. Babu ruwansa da yadi, so yake a rufe ta a sayar da filin. Ya zuba duk abin da ya mallaka a hannun jarinta, har da dukiyar da danginsa suka ba shi amana.

Dilnaz, wadda aikinta a ofishinsa shi ne hango asara tun daga nesa, ta ce, "Hasmukh-bhai, ka ajiye ko rabi a gefe. Ba mu ga takardar filin ta asali ba."

Ya ce, "Ke dai tsoro ake biyan ki ki ji."

Ranar taron shekara na masu hannun jari, wata tsohuwa ta miƙe, Savita-ben, mai ɗan kason da mijinta ya bar mata.

Ta ce, "Ɗana, filin nan kyauta ce, kuma da sharaɗi. Ranar da injuna suka tsaya, ya koma na wurin bautar unguwa. A gaban mahaifina aka rubuta."

Hasmukh ya yi dariya. "Iya, ana rabon alewa a waje, kar ki rasa."

Ya sa aka kashe mata makirufo. Ta ci gaba da magana, bakinta na motsi, ba mai ji.

Ya ci ƙuri'ar rufe masaƙar, injuna suka tsaya, ma'aikata suka watse. Wata huɗu bayan nan, dattawan wurin bautar suka kai takarda kotu, aka ba su filinsu. Dukiyar dangi ta bi ruwa. Ba wanda ya zage shi, sun dai daina gayyatar sa biki.

Ya je neman Savita-ben, ya tarar ta rasu.

Bara na gan shi, ya rame, har ya ba ni tausayi. Ya ce mini, "Kullum bakinta nake gani yana motsi. Wataƙila mafita take gaya mini, ni kuwa na hana ta."

Darasi: Kada girman jarinka ya sa ka raina mai ƙaramin kaso, kuma kada ka jefa amanar mutane inda ba ka bincika ba. Ku tura wa wanda kuka san ba ya jin shawara.