“Da Sauƙi, Likita”

Yayana mai gyaran rediyo ne, a layinmu Injiniya ake kiransa. Ban taɓa ganin mutum mai son bin diddigi irinsa ba, ko fitila ka saya sai ya kwance ta ya ga abin da ke ciki. Aibinsa ɗaya ne: shi zai tambayi kowa komai, amma idan shi aka tambaya, ba ya yarda a ji yana da damuwa.

Yana da shekara talatin da huɗu farfaɗiya ta fara kayar da shi. Da ta maimaita, ni ƙanwarsa na raka shi asibiti, aka tura mu gwajin ƙwaƙwalwa. Ma'aikaciyar ɗakin ta zaunar da shi, ta riƙa manna masa wayoyi a fatar kai da wani abu mai danƙo. Shi kuwa Yaya sai leƙen bayan na'urar yake yi.

“Malama, wuta za ki sa mini?” ya tambaye ta.

“A'a. Wutar da ke kanka za mu saurara.”

“Au, ni ma akwai lantarki a kaina?”

Ta yi dariya ta ce kowa ma yana da shi, sai dai nasa yakan yi tartsatsi wani lokaci. Ta sa shi ya rufe ido, ya ja numfashi da ƙarfi, ta kunna masa wata fitila mai ƙyafta haske. Da aka gama sai da ya roƙa aka nuna masa layukan da suka fito, ya ƙura musu ido ya fi minti goma.

Likita ya rubuta masa ƙwaya, ɗaya safe ɗaya yamma, ya ce ya dawo duk wata. Faɗuwa ta tsaya cak. Sai dai maganin ya zo da nasa: barci da rana tsaka, da rawar hannu. Mutumin da aikinsa ɗiga dalma ne a kan wayar da ba ta fi gashi kauri ba, rawar hannu ba ƙaramin abu ba ce gare shi. Na sha ganinsa yana riƙe hannun dama da na hagu don ƙarfen dalma ya tsaya.

Ranar komawa, likita ya ce, “Malam, yaya jiki?”

“Da sauƙi, likita.”

“Maganin ba ya ba ka wata matsala?”

“Lafiya lau.”

Muna fita na ce, “Haba Yaya, hannun fa?”

“Ke dai ba ki da ta-ido. Mutum ya gaishe ni, sai in buɗe masa jakar ƙorafi?”

Na yi shiru, domin a haka aka rene mu. Ko kana kwance rai a hannun Allah, aka ce yaya jiki, “da sauƙi” za ka ce. Sau uku muna zuwa yana ba da wannan amsa, ni ina zaune kusa da shi, likita yana rubutawa. Har yau shirun nan nawa yana ci mini rai.

Ashe Yaya ya yanke nasa hukuncin. A tunaninsa na mai gyara, idan wuta ta yi wa na'ura yawa, ragewa ake yi. Sai ya riƙa sa reza yana raba ƙwayar biyu, ya sha rabi. Rawar ta lafa, ya ji daɗi. Bayan mako biyu ya daina shan ta safe gaba ɗaya, wai yana so ya ga iyakar abin da jikinsa ke buƙata.

Wata rana da hantsi yana kan benci, ƙarfen dalma ya yi zafi a hannunsa, abin ya tashi. Ya kife, yatsunsa suka damƙe bakin ƙarfen, ba wanda ke kusa. Kafin telan da ke maƙwabtaka da shagon ya ji ƙarar faɗuwar kaya ya shigo ya zare wayar daga soket, tafin hannun ya riga ya ƙone sosai.

A asibiti na fayyace komai, rawar hannun da maganar rezar da Yaya ya faɗa mini a hanya. Likita ya juya wajensa.

“Malam, lokacin da nake ce maka yaya jiki, ba gaisuwa nake yi ba, aiki nake yi. Magungunan ciwon nan suna da yawa. Da ka ce mini hannunka na rawa, da tuni mun gwada wani.”

Aka sauya masa magani sannu a hankali. Yanzu ba ya faɗuwa, hannun ma ba ya rawa ko kaɗan. Amma yatsu uku na dama sun ƙage, ba sa iya riƙe ƙarfen dalma. Ya rufe shagon.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, amsar gaisuwa daban, amsar likita daban. Duk abin da magani ya jawo maka, faɗa wa wanda ya rubuta shi, kada ka rage ko ka daina da ra'ayin kanka. Kai kuma ɗan rakiya, idan mara lafiya ya ji nauyin magana, buɗe baki ka faɗa a madadinsa.