Tanimu Mai Gyaɗa da Shaidar da Ba a Yi wa Gyara

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah ana ce masa Tanimu. Ɗan ƙasar nan ne, neman abinci ya jefa shi wani gari can ƙasar Turawa, shekaru da yawa da suka wuce. Mutanen garin suna da wani wasa da ake dukan ƙwallo da sanda, besbol suke ce masa, kuma yadda yaranku suke haukar ƙwallon ƙafa haka su ma suke haukarsa. A cikin filin wasan nan Tanimu ya samu ɗan wuri yana sayar da soyayyar gyaɗa. Da ita yake ci, da ita yake aika wa iyalinsa.

Tanimu bai bar halin gida ba. In ya auna maka gwangwani, sai ya ƙara ɗibo 'yar kaɗan ya zuba maka. Su ba su san gyara ba. Da farko har mayar masa suke yi, wai ya yi kuskure. Akwai wata tsohuwa Baturiya da ba ta fashin kallo, shi yana ce mata Iya, ita ce ta fara ganewa, ta yi ta dariya tana gaya wa mutane.

To, ku saurara. Wata rana baƙi suka zo wasa, cikinsu akwai wani matashi baƙar fata. Wasu 'yan tsiraru daga 'yan kallo suka tashi suna yi masa kukan biri, suna zagin launinsa. A gaban Tanimu aka yi, kuma zagin nan ya soke shi har zuciya, don fatarsu ɗaya. Amma ya ga wani abu kuma. Ya ga Iya ta miƙe da sandarta tana yi musu tsawa, ya ga jama'a sun taso sun fitar da su waje.

Kashegari jaridu da rediyo suka ɗauka: garin kaza, garin masu wariyar launin fata. Aka yi musu kuɗin goro, har da Iya.

Sai mai kula da filin ya kira Tanimu. Ya ce 'yan jarida za su zo wurinsa, tunda shi kaɗai ne baƙar fata a nan. In sun zo, ya ce musu bai ji komai ba, in ba haka ba ya nemi wani wurin sana'a. Ba a jima ba sai ga wata 'yar jarida, ita kuma so take ya ce duk garin haka suke. Ta yi masa alkawarin hotonsa zai fito a shafin farko, duniya ta tausaya masa.

Kun ga jarrabawa? Wannan yana cewa rage, waccan tana cewa ƙara. In ya rage, wurinsa ya tsira. In ya ƙara, ya huce haushinsa. Tsoro ya kama shi ƙwarai, don ya san bakunan da ke jiran gyaɗar nan a gida.

Ya ce mata, “Baiwar Allah, an zagi yaron nan, da kunnena na ji, kuma ya yi mini ciwo. Waɗanda suka yi ba su da yawa. Waɗanda suka hana sun fi su yawa, da idona na gani. Gyaɗa nake yi wa gyara, ba na yi wa shaida.”

Jaridar ta saka maganarsa can ƙasa, ba hoto. Mai filin kuma ya kore shi. Ya yi biyu babu ke nan, a ganin mutane. Ya ɗauki tirensa ya koma bakin titi yana cewa alhamdu lillahi, a kan gaskiya aka kore shi, ba a kan sata ba.

Amma Iya ta karanta. Ranar wasa ta gaba ta zo ta tsaya gaban tiren nan, ta ce yau ba ta shiga. Mutane suka yi layi a bayanta har kwanar titi, aka fara wasa kujeru rabi babu kowa. Ta kama hannunsa tana hawaye ta ce, “Kai kaɗai ka faɗi laifinmu ba ka haɗa da ƙarya ba. Mun gode.” Kafin a tashi, mai filin da kansa ya fito yana ba shi haƙuri. A cikin layin nan har da ɗaya daga masu zagin, kansa a sunkuye. Tanimu ya gane shi sarai. Ya auna masa, ya yi masa gyara.

'Yan'uwa, Allah ya hore mu da tsayawa kan adalci ko a kan wanda muke jin haushi. Yau mutum ɗaya zai yi laifi, kai kuma ka ɗauki waya ka tsine wa ƙabilarsa gaba ɗaya. In naka ne ya yi, ka ce ba ka gani ba. Duka biyun tauye mudu ne. Faɗi abin da ka gani, iyakar yadda ka gan shi, ka bar wa Allah abincinka. Mu gode masa da har yanzu akwai irin su Tanimu, mu roƙe shi ya sa mu cikinsu.