Ranar da Tomokichi Ya Tsaya a Tsakiya

Akwai wani mai shagon magani a ƙauyenmu na bakin teku a Japan, tun hoto yana sabon abu, sunansa Tomokichi. Ya je birni sarin magani, ya dawo da akwatin ɗaukar hoto mai ƙafa uku. Ba sana'a ya mai da shi ba, sha'awa ce kawai. Amma tun daga ranar kansa ya kumbura, yake ganin duk masuntan garin a duhun kai suke.

Wata safiya tsohuwa Osen ta zo da 'ya'yanta maza uku. Jibi za su bi jirgin Baba Gonzo zuwa kamun kifi na arewa, sai bayan wata huɗu, tana son abin da za ta riƙa dubawa.

To, kowa ya san ba a ɗaukar mutum uku, don an ce na tsakiya shi ke riga mutuwa. Shi ya sa ta zo da 'yar tsana, a riƙe ta cike huɗu.

"Inna, mai da abin nan," in ji Tomokichi. "Ƙarti uku da 'yar tsana? So kike a yi mini dariya? Gilashi ne da ruwan magani, ba ya kashe kowa."

Ya jawo Sakuji, babban cikinsu, ya dasa shi a tsakiya. Sakuji ya ji nauyin mai ilimi, ya tsaya. Hoto ya fito ras, Tomokichi ya kafe shi a ƙofar shago kowa ya gani.

Kowa kuwa ya gani. Kafin rana ta yi tsaka, ma'aikatan jirgi sun ce ba za su shiga teku da mutumin da ya tsaya a tsakiya ba. Gonzo ya sallami Sakuji. Wannan tafiyar ita ce shinkafar gidan Sakuji ta shekara guda, ga matarsa da tsohon ciki.

Osen ta dawo shago. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mai magani, ka hana jikana abinci tun bai zo duniya ba."

Maganar ta soke shi. Ya sauka bakin gaɓa, ya tarar da Gonzo yana gyaran taru, ya shiga yi masa dogon bayani cewa camfi ne kawai.

"Camfi ne?" in ji Gonzo, ko kai bai ɗaga ba. "To, abu ya zo da sauƙi. A kawo akwatin. Ni a dama, matuƙina a hagu, kai a tsakiya. In ka tsaya, Sakuji ya shiga jirgi."

Aka kawo akwati, gari ya taru. Okiyo, matar Tomokichi, ce za ta cire murfin idon akwatin ta ƙirga ashirin, don a lokacin sai mutum ya ƙame haka kafin hoto ya kama.

"Maigida, ka tabbata?" ta tambaya a hankali.

"Cire mana!" ya ce, sai dai muryar ba tasa ba ce.

Tana cewa uku ya tuna tarin da ya dame shi bara. Tana cewa bakwai ya kasa ƙamewa, kansa ya fara motsi. Ashe tsoron da yake yi wa mutane dariya a kai yana nan kwance a cikinsa. Gumi ya jiƙa masa riga, amma bai gudu ba har ta kai ashirin.

Da aka wanke gilashin hoton, Gonzo da matuƙi sun fito tsaf. A tsakiya kuwa sai wani dishi-dishi mai kai biyu.

"Mai magani, wanne ne naka a ciki?" wani ya yi ihu, gaɓa ta ɗauki dariya.

Gonzo bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya juya wajen mutanensa.

"Ya ji tsoro, kuma ya tsaya saboda wani. Wa zai ce mini ba ya iya zama jirgi ɗaya da Sakuji?"

Sai ya yafito Sakuji.

"Sakuji, ɗauko kayanka."

Darasi: Kada iliminka ya sa ka raina tsoron mutane, domin ba kai za ka kwana da sakamakon ba, kuma wataƙila kai ma kana da irinsa. In girman kanka ya jawo wa wani asara, kada ka tsaya bayani, ka shiga inda ka jefa shi. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.