Shafi Takwas Da Tuyet Ta Zare

Akwai wata mata a lungunmu na birnin Hai Phong, sunanta Tuyet. Ba muguwa ba ce, amma a kan karatun 'yarta Diep ba ta ji ba ta gani.

Diep na shirin jarabawar shiga sakandaren haziƙai, inda yara ɗari shida ke kokawar kujera talatin da biyar. Da kyar Tuyet ta samo littafin tambayoyin gwaji a wurin wani tsohon malami.

Maƙwabciyarta Nhan, mai sayar da taliya da romon ƙaguwa, ita ma 'yarta Khue za ta zauna jarabawar. Nhan ta leƙo tana goge hannu.

"Yaya, a taimaka mana da kwafin littafin nan mana. Ni dai bayan lissafin kwanon taliya ban san komai ba."

"Haba, wannan ai ba abin roƙo ba ne," in ji Tuyet.

Amma a shagon fotokofi sai ta zare shafi takwas na lissafin da'ira, ɓangaren da ya fi kayar da yara. Wai ta rage wa 'yarta abokiyar takara ɗaya. Da yamma Nhan ta aiko da kwano cike da taliya, Tuyet ta ajiye shi gefe ba ta ci ba.

Abin haushin, Diep ɗin ma shafukan sun gagare ta. Kullum sai kuka a kan tebur.

Saura mako guda, sai ga Khue da littafin rubutu.

"Goggo, kwafina ya yi tsalle daga shafi arba'in zuwa arba'in da tara. Na aro a wurin malaminmu, na warware su duka da hannu. Na ji Diep na fama da su."

Kunya ta rufe Tuyet. Ta buɗe baki, amma abin da ya fito shi ne, "Kin ga injin fotokofin nan, bai da kirki."

Khue ta ce to. Kwana shida ta yi tana zama da Diep, ta bar tata bitar Turancin da take da rauni a kai.

Sakamako ya fito. Diep ta samu kujera, lissafin da'ira ne ya ɗaga ta. Khue kuwa rabin maki ya hana ta.

'Yan'uwa suka cika gida da murna. Tuyet kuwa ta zame ta tafi rumfar Nhan.

"Nhan, ba inji ba ne. Ni na cire shafukan."

Nhan ba ta daina yanka albasa ba.

"Mun sani, Yaya. Ranar da Khue ta kawo littafin rubutun ta riga ta ga littafin tambayoyin Diep cikakke a kan teburinku. Na ce kada ta koma, ta ce ai ba Diep ce ta cire ba."

Tuyet ta tsaya nan, hawaye na zuba. Daga ciki Khue ta leƙo.

"Goggo, ki ce wa Diep ina taya ta murna."

Darasi: Kada son ɗanka ya sa ka tauye ɗan wani. Nasarar da aka samu ta hanyar rage wa wani, ko ta zo, ba za ka iya ɗaga kai ka yi murnarta ba. Ku tura wa iyayen da yaransu ke shirin jarabawa.