Faifan da Babu Sunan Chuwang

Akwai wani dattijo, Mang, mutumin Jos, da ke zaune shi kaɗai a wani ɗaki a University Heights, unguwa a yammacin Bronx, birnin New York. Aikinsa gadin wurin ajiye motoci. Ranar Lahadi ma ba mai buga masa waya.

A 1965, a Jos, shi ne mawaƙin ƙungiyar Samarin Dutse, su huɗu, masu kiɗan jita irin na Turawa amma da Hausa. Da suka je Legas yin faifansu na farko, Mang ya zagaya ta baya ya sa aka buga hotonsa da sunansa shi kaɗai a bango. Ya ce murya ake saye, ba ganga ba. Daga wannan faifan ba su ƙara yin wani ba.

Chuwang, mai gangar, yana nan Parkchester, a gabashin Bronx, da iyalinsa. Shekara takwas Mang ya san haka. Bai taɓa zuwa ba, wai sai dai a zo gaishe shi.

Wata Asabar a 1991, a Canal Street, ya ga fuskarsa cikin kwalin tsofaffin faya-faye. Ya ɗaga faifan ya ce wa mai tebur, "Moro, ka san wannan?"

Moro ya yi dariya. "Baba, wannan yana da gashi fa."

Ya saya ya kai gida. Mutum ɗaya ne a duk New York zai ji faifan nan ya tuna. Sai da ya yi wata uku yana jan aji kafin ya hau jirgin ƙasa mai lamba shida zuwa gidan Chuwang.

Aminci, matar Chuwang, ta buɗe ƙofa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Mang? Yau ka gane hanya? Sati biyar ke nan da muka binne shi."

Duk da haka ta ba shi kujera da ruwa. Ta kira 'yarsu Faith, ta kunna faifan. Da ganga ta shigo, Aminci ta rufe baki da zane.

"Babanki ne wannan," in ji Mang. "Hannunsa ne."

Faith ta karɓi bangon, ta juya gaba, ta juya baya. Da Hausarta mai ɗingishi ta ce, "Kullum Daddy yana ce mana ya yi faifai, muna masa dariya. Baba, ina sunansa?"

Mang ya ciro biro daga aljihu zai rubuta sunan. Aminci ta riƙe bangon.

"Bar shi. Wanda ke son ganin sunansa a nan ya riga ya tafi."

Ya bar musu faifan, ya koma Bronx ɗinsa ta yamma, ya buɗe ɗaki, ba wanda ya tambaye shi daga ina.

Darasi: Wanda kuka yi gumi tare, faɗi sunansa tun yana da kunnen ji. Kuma kada ku jira a zo gaishe ku, ku ɗauki ƙafa ku je. Ku tura wannan labari ga wanda girman kai ya hana shi ɗaga waya.